Asubar da Ban Tashe Ka Ba

Zuwa ga yayana, Sanda mai gyaran keke, na bakin kasuwar Wurno.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, tare da ladabi da girmamawa irin waɗanda suka wajaba a kan ƙane, ni ne Ladan nake rubuto maka. Na san ba ka son doguwar magana. Ka sha cewa mu malaman makaranta in ba mu cika allo da rubutu ba, ba ma jin mun yi aiki. Ka yi mini haƙuri na yau kaɗai. Na kuma san akwai masu leƙen takardar nan ta bayan kafaɗata, mutanen da suka saba ganin hotunan gulbi da nake sakawa duk rani suna rubuto mini addu'a. Su ma su tsaya su karanta, domin har da su na yi wa ƙarya.

Shekara uku ke nan ina gaya wa kowa ban ga abin da ya same ka ba. Na gaya wa Inna, na gaya wa matarka Hajara, na gaya wa liman da mai unguwa, cewa ruwa ya raba mu tsakanin Gandi da Rabah, ban san inda ka yi ba. A kan wannan magana tawa Inna take zaune tana jiran sallamarka. A kanta Hajara take zaune a gidanmu, ita ba mai miji ba, ita ba wadda miji ya rasu ya bari ba. Yaya, na gani. Da idona na gani. Bari in ɗauko maka daga farko, ko da yake rabin labarin ka fi ni saninsa.

Ina da shekara bakwai Baba ya rasu, kai kana da sha takwas. Da faci da sholisho ka ciyar da gidanmu, da su ka saya mini littafi har na zama abin da na zama. Ban taɓa zama a kan tabarmarka ba sai ka ce in zauna. Ban taɓa sa hannu a kwano kafin kai ba. Kekena na farko ma kai ka harhaɗa shi, ƙarfen jiki daga nan, taya daga can, sirdi kuwa na wani tsohon keken mai tallan kananzir da ya fi ni shekaru. Na yi ta ƙorafin yana cin mazaunai, ka ce mazaunan ne ba su da tarbiyya.

Ranar da ka fara maganar bin gulbi, muna rumfarka ne bayan an gama girbi. Ka ce, “Wanga ruwa tun muna yara muka shan shi, ba mu san ƙauye nawa ka sha kahin shi kawo gare mu ba. Ni dai sai na tai na gani.” 'Yan rumfa suka yi ta dariya. Ga mota, ga mashin, mutum da hankalinsa zai ɗauki keke ya shiga jeji ba fatauci ba, ba biki ba, ba ta'aziyya ba. Wani ya ce ko dai a nemo maka rubutu a ba ka ka sha. Ka ci gaba da ɗaure birkin da ke hannunka. Bayan sati biyu muka kama hanya, ni ina biye da kai ina jin kunyar a gan ni.

Sau biyar muka yi wannan zagaye tare. Mu tashi daga Wurno mu bi Rima mu yi sama har Goronyo, mu yanki tudu mu yi kudu zuwa Gandi, mu kama ɗaya gulbin mu gangaro ta Rabah, mu ɓullo Achida mu dawo gida. Mai mota zai gama shi a wuni guda. Mu mukan yi kwana tara, wani lokaci sha ɗaya, don ba ka wuce mai ban-ruwa ba tare da ka tsaya ka tambaye shi lafiyar albasa ba. In ka ga keken wani jingine a gindin bishiya da sarƙa a sake, sai ka sauka ka ɗaure masa, mai shi ma bai sani ba yana can cikin gona.

Kayanmu ba su da yawa. Tamfol ɗaya, gidan sauro biyu, tabarma, buta, 'yar tukunya, gari da ƙuliƙuli, famfo da kwalin faci. Kai ka ɗauki masu nauyi a kariyarka, ni ka bar mini tukunya, wadda ke ta kwaramniya a bayana duk inda muka bi. Tsidau ya ci tayata sau nawa ban iya ƙirgawa ba. Taka kuwa sai a yi tafiya guda ba ta sace ba, har na fara zargin ƙayar ma ta san wanda take jin nauyi.

Ina tuna safiyar da muka farka kusa da Goronyo, hazon ruwa ya kwanta a kan fadama, warin tafarnuwa ya cika ko'ina, masunta sun kifa ciki a kan gora suna yawo a ruwa ba motsi. Ka dafa shayi ka miƙo mini, ka zauna kana kallo. A gida ban taɓa ganin fuskarka haka ba. A gida kullum akwai abin da kake lissafawa a ranka. A bakin gulbi kuwa sai ka koma kamar ba ka taɓa ɗaukar nauyin kowa ba, ni ma sai in ji na ɗan samu wa, ba uba kaɗai ba.

Akwai abin da ba ka taɓa fashinsa ba duk inda muka sauka. Kafin magariba za ka nemo karan dawa, ka kafa shi a cikin ruwa dab da gaɓa, ka sa wuƙa ka yi masa tsaga daidai inda ruwa ya tsaya. Wurin masunta ka koyo. Ka ce mini, “In ruwa ya wuce tsaga da yatsa huɗu, ko mi kaka yi bar shi, mu hau tudu.” Sau biyar muna tafiya, karan nan bai taɓa nuna komai ba. Da safe ka tuge shi ka jefar, ni kuma in ce a raina wannan ma ɗaya ce daga cikin tsirfarka.

Tafiya ta shida ni na ɓata mana lokaci. Da sanyi muka saba fita. A shekarar nan na yi ta ja maka rai, yau aikin jarrabawa, gobe wani taro, har bazara ta yi nisa, hadari ya fara leƙowa daga gabas da yamma. Ka ce mu bari sai baɗi. Ni da na fara bin ka ina jin kunya, ni ne na nace, don na riga na gaya wa mutanen da ke bibiyata a waya cewa za su ga hotuna. Ka dube ni ka girgiza kai, ka shiga zuba mai a sarƙa.

Kwana biyu kafin abin ya faru, a wani zango kafin Gandi, na ji motsi a bayan tamfol. Ka san yadda ƙasarmu ta koma, ba wanda zai ji taku a jeji zuciyarsa ba ta yanke ba. Na girgiza ka da ƙarfi har na taka maka hannu. Ka haska fitila, sai ga jaki yana lasar tukunyarmu. Da gari ya waye muka shiga ƙauye sayen fura, ka tsaya gaban dattawan da ke zaune a gindin tsamiya ka ce, “Ku gaida Malam Ladan, jiya shi yat tsare mu daga jaki.” Suka yi dariya har wani tsoho ya sarƙe. A hanya ka ƙara da cewa, “Kak ka sake tashe ni sai in gulbi na cin wuta.” Wasa kake yi, na sani. Amma ni malami ne mai gemu, an yi mini dariya a gaban mutane, abin ya zauna mini a wuya wuni biyu.

Ranar da muka baro Gandi zafi ya yi tsanani. Da la'asar sakaliya muka iso wani wuri inda gulbi ya ja baya ya bar tudun yashi fari tas a tsakiya. Tsakaninsa da gaɓa akwai ɗan rafi da bai wuce idon sawu ba. A kan gaɓar kuwa ƙarangiya ce da sauro. Wani dattijon Bafillace da ke koro shanunsa sama ya tsaya muka gaisa, ya ce shanunsa sun ƙi sauka ƙasa yau, mu zo ruga mu kwana akwai nono. Ka yi masa godiya, ka ce ba za mu ɗora masa nauyi ba. Muka tura kekuna muka haye kan yashin. Ka kafa karanka, ka yi masa tsaga. Da muka idar da isha'i akwai walƙiya can nesa ta gabas, ba ƙara, ba iska, samanmu kuma taurari ne fal.

Ka gaji a ranar. Rabin hanya kai ka ɗauki kayana saboda ciwon da gwiwata take yi. Kana kwanciya barci ya ɗauke ka.

Na farka kafin kiran sallar farko don in kewaya. Na haska fitila a jikin karan, don dai sabo. Ruwa ya rufe tsagar. Na durƙusa na sa hannu na auna: yatsa uku. Na sake aunawa, uku ne. Ruwan kuma ya canza, ya yi ja, yana ɗauke da kumfa da 'yan karmami.

Na zo na tsaya a kanka. Kana kwance a gefen dama, hannunka ƙarƙashin kunci, bakinka a ɗan buɗe. Ban taɓa tsayawa a kanka kana barci ba sai daren jakin nan. Na ce “Yaya” sau ɗaya, da muryar da ni kaina na san ba za ta tashi kowa ba. Ba ka motsa ba. Sai na shiga ba kaina hujja. Huɗu ka ce, wannan uku ne. Asuba ta kusa, in an kira salla ai dole ka tashi da kanka. Ta yaya ƙane zai girgiza wansa sau biyu cikin kwana uku, wan da ya wuni yana ɗaukar masa kaya? In kuma ka tashi ka ga ba komai, wane ƙauye ne ba zai ji labari ba? Na koma gidan saurona na zauna, na ce zan sa ido. Ban san lokacin da na kishingiɗa ba.

Sanyin ruwa a ƙafata ne ya tashe ni. Gari ya fara haske. Karan babu shi. Ɗan rafin da muka tsallako jiya ya zama gulbi mai gudu, yashin da muke kai bai fi faɗin ɗaki biyu ba, yana zaizayewa ta gefe muna kallo. Ba ka yi faɗa ba, ba ka tambaye ni komai ba. Ka ce a bar tamfol, a bar tukunya. Ka ɗaga kekenka a ka, ka shiga, ruwa ya kai maka ƙirji, ka fita a gaɓa ka jefar da shi kan ƙarangiya.

Ni ban iya ɗaga nawa ba. Na tura shi a gefena, ruwa ya shiga tsakanin tayoyin ya fizge shi, ni kuma na ƙi saki. Har yau ban san dalili ba. Wataƙila don kai ka haɗa mini shi. Ya ja ni muka yi ƙasa tare, na sha ruwa, na ɗago, na ji muryarka kana cewa, “Saki keken, Ladan! Saki!” Ka riga ka fita, Yaya. Ƙafarka tana kan tudu. Ka dawo. Ka cafki wuyan rigata, ka ɓamɓare yatsuna daga ƙarfen, ka tunkuɗa ni wajen wata saiwa da ta fito daga jikin gaɓa. Na kama. Da na waiwayo, yashin da ka taka ya tafi da kai.

Na ga kanka sau biyu. Na ga hannunka sau ɗaya. Daidai inda gulbi ya yi kwana, gaban wata giginya guda, ruwan yana juyawa, nan ka nutse. Na hau gaɓa na zuba wa wurin ido har rana ta take. Ba ka ɗago ba.

A haka wani tsohon masunci ya same ni. Shi ya tara mutane, ni na nuna musu wurin da yatsana. Kwana huɗu suna nutso, suna bin gaɓa da kwale-kwale har kusa da Rabah. Sun samo tamfol a maƙale a reshe. Kai ba su same ka ba.

A kan kekenka na dawo Wurno. Labari ya riga ni isowa, gida cike da mutane. Inna tana tsaye bakin ƙofar ɗakinta, ta ƙanƙance cikin kwana huɗu kamar an matse ta. Ba ta yi kuka ba. Ta ce, “Kai ka gani da idonka?” Na dube ta, na ga in na ce e, tambaya ta biyu za ta biyo, ta uku ma, har a iso kan karan nan da yatsa uku. Sai na ce ruwa ya raba mu, ban ga inda ka yi ba. Na ga yadda numfashi ya dawo mata. Na ce wa kaina tausayinta na ji. Tausayin yana ciki, amma ba shi ne babba ba.

Ka san zamanin da muke ciki. Mutum yakan ɓace wata shida, a fitar da rai, sai ga shi ya dawo a rame. Kowa yana da labarin wani da aka yi haka. Sai aka shiga ƙulla zance: wataƙila ruwa ya yar da kai wani wuri, wataƙila mutanen daji sun tsince ka, wataƙila ka bugu a ka ka manta gida. Ba a yi zaman makoki ba. Dangin Hajara sun zo daga Achida sau biyu za su tafi da ita, Inna ta roƙe su da girman Allah su ƙara haƙuri, hujjarta guda ce, Ladan ya ce bai gani ba. Hajara ta sunkuyar da kai ta ce za ta zauna.

Da rani ya zagayo, Inna ta kira ni ta ce in bi hanyar in yi cigiya. Ta ba ni ƙullin dakuwa, Hajara ta wanke farar rigarka ta Juma'a ta goge, wai ko zan same ka ba sutura. Na ɗaura a kariya na tafi. Haka na yi bara waccan, haka na yi bara, haka na yi bana. Ina shiga kasuwanni da hotonka a waya ina nuna wa mutane. Mutanenmu kuma ga kirki. Wani ya ce ya ga mai kama da kai a Tursa yana facin taya. Wata mai nono ta ce akwai wani bawan Allah da ba ya magana yana kwana a rumfunan kasuwar Gandi. Na taka feda wuni guda na je na duba fuskarsa, alhali na san inda na bar ka. Na ba shi dakuwar, ya karɓa da hannu biyu.

Tafiyar ba kamar da ba ce. Akwai wuraren da yanzu sai da rana tsaka ake ratsawa, akwai inda mutanen gari ke cewa in koma in zagaya. Ba na kwana a kan yashi. Ina neman tudu kusa da gari, in gaida mai gari, in shimfiɗa tabarma inda zan ji kiran salla. Duk da haka sai na gangara na kafa kara. Kuma kowace asuba, daidai wannan lokacin, idona yakan buɗe kamar an taɓa ni. In sauka da fitila in auna. Ruwan rani ne, ba ya zuwa ko'ina, amma sai na durƙusa na sa yatsu.

Ina jin ƙararrawarka, Yaya. Kekenka ne a ƙarƙashina, ƙararrawar tana gaban hannuna, ban taɓa ta ba, amma sai in ji ta can gaba, sau biyu a jere, yadda kake yi in ka sha kwana kana so in san inda ka bi. Wani lokaci in hango mai keke a nesa da farar hula, ya ɗan karkata hagu irin zamanka, in taka da ƙarfi har numfashina ya sarƙe, in iso in tarar da wani manomi da buhun taki. Sau ɗaya kusa da Goronyo na dafa shayi na zuba kofi biyu ban lura ba, sai da na miƙa hannu. Ban ji tsoro ba ko sau ɗaya. Kunya nake ji, irin wadda nakan ji in ka kama ni da ƙarya ina yaro.

Masu bibiyata suna ganin hoton faɗuwar rana a kan ruwa, suna rubuta cewa ba su taɓa ganin ƙane mai amana irina ba. Ina karantawa, ina danna alamar godiya.

Bana da zan fita, Hajara ta kawo rigar kamar kullum. Ta goge ta har karin ya fara cin zare. Ba ta saba yi mini doguwar magana ba, amma ta tsaya daga bakin zaure ta ce, “In ka ishe shi, ka ce mishi ina nan. Ka ce mishi na gaji, amma ina nan.” Sai a ranar na dube ta sosai. Shekara biyu kacal kuka yi tare, ko haihuwa ba ku yi ba. Sa'o'inta suna da 'ya'ya uku uku. Ita tana daka wa Inna fura, tana share ɗakin da ba mai shiga. Ni na zaunar da ita, da baki ɗaya da na buɗe a tsakar gida.

Duk da haka na tafi, ka ga irin taurin kaina. Na yi Goronyo, na yi Gandi. Shekara biyu ina kauce wa giginyar nan, ina bin ta tudu. Bana taya ta sace mini dab da wurin, dole na sauka. Ina cikin faci sai ga tsohon masuncin nan da taru a kafaɗa. Ya tsufa ƙwarai, amma ya gane ni, ya gane keken. Ya ji labarin cigiyar da nake yi, don ba abin da ke ɓoyuwa a bakin gulbi, bai kuma taɓa tona ni ba. Ya zauna ya riƙe mini tayar har sholisho ya sha iska. Sannan ya ce, “Ɗana, ni da kai mun san inda wanka shike. Kai kan nuna muna wurin. To wa kaka nema cikin kasuwanni?” Bai jira amsa ba, ya ɗauki tarunsa ya gangara.

Na kwana a tudun da ke kallon giginyar. Ruwan wurin yanzu bai kai gwiwa ba, yara na iya tsallakawa. Da safe ban ƙarasa Rabah ba, na yanke na kamo hanyar gida.

Shekaranjiya bayan la'asar na shiga ɗakin Inna. Na ajiye rigarka a gabanta, na durƙusa, na faɗa mata duka. Na faɗi karan, na faɗi yatsa uku, na faɗi yadda na tsaya a kanka na kira ka da muryar da ba ta tashin kowa. Na faɗi keken da na ƙi saki, da giginyar. Tana jan carbi, ba ta tsaya ba, ba ta dube ni ba. Da na gama ta ce, “Mi yac ce daga ƙarshe? Ya samu shahada?”

Yaya, ƙarya ta zo mini har kan harshe. Kalma ɗaya ce, ba mai ƙaryata ni duk duniya, kuma da ta kwana da sanyi a zuciya. Na haɗiye ta. Na ce ban sani ba, abin da ke tsakaninka da Ubangijinka a cikin ruwan nan ban ji shi ba. Abin da kunnena ya ji na ƙarshe daga bakinka, sunana ne, da cewa in saki.

Carbin ya tsaya. Ta ce, “Mun tsare ɗiyar mutane a banza. Tashi kira min ita.” Ba ta ce ta yafe mini ba, ba ta ce ba ta yafe ba, ni ma ban roƙa ba tukuna. Na kira Hajara, na fita na tsaya a zaure. Daga nan na jiyo Inna ta bayan katanga. Kai ne ɗanta na fari, tunda nake ban taɓa jin sunanka a bakinta ba. Ranar na ji. Umaru take cewa, sunanka na yanka, tana maimaitawa, kamar mai kiran yaron da ya yi nisa da gida.

Jiya aka shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida. 'Yan rumfarka duk sun zo, har da wanda ya ce a ba ka rubutu, shi ya fi kowa kuka. Liman ya ce zan je in maimaita shaidata inda ya kamata, don a sallami Hajara yadda shari'a ta tanada. Zan je. Mutanenta za su zo daga Achida ranar Juma'a. Ta wuce ni a tsakar gida ɗazu ba ta ce mini komai ba, kuma tana da gaskiya.

Saura kai. Na ga ruwa ya hau ban tashe ka ba. Ka fita, ka dawo saboda ni. Sannan na hana ka addu'ar mahaifiyarka shekara uku, don kada a tambaye ni. Ba ni da abin da zan ce in kare kaina. Ina kewarka, Yaya, kewar da ban taɓa samun bakin faɗa maka irinta ba kana raye, don ba a saba ba. Ka yafe mini.

Yanzu bari in yi maka abin da na kasa yi tun ranar, ko a cikin sujada. Allah ya jiƙan ka, Yaya Sanda. Allah ya gafarta maka, ya karɓe ka cikin shahidai, ya sa inda ruwa ya ajiye ka ya zama maka dausayin Aljanna. Allah ya saka maka da rainon da ka yi mini. Ya ba Inna haƙuri, ya ba Hajara miji nagari da zuri'a mai albarka, ya mayar mata da shekarun da na ci mata. Ni kuma ya ba ni ikon tsayawa gabanka ranar da za a tashe mu gaba ɗaya. Amin.

Wassalam.

Ƙanenka,
Ladan
Wurno